Taku Ɗaya Baya: Gwanintar Gina Jimlar Sharaɗi a Turanci

Likita ɗaya ne, majinyaci ɗaya, magani ɗaya, amma ga jimla uku da za su iya fitowa daga bakin likitan. Ta farko: “If he takes the medicine, he will recover.” Ta biyu: “If he took the medicine, he would recover.” Ta uku: “If he had taken the medicine, he would have recovered.”

Wanda kunnensa bai goge da Turanci ba zai ɗauka duk kanwar ja ce: a sha magani, a warke. Amma yayan majinyacin, in ya san harshen, kowace jimla da inda za ta tura shi. Ta farko za ta sa ya yi hamdala ya nufi kemis. Ta biyu za ta sa ya shiga ɗaki ya rufe ƙanensa da faɗa, domin likita ya riga ya gaya masa, ba tare da ya fito fili ba, cewa yaron nan ba ya shan maganin. Ta uku kuwa sai jiki ya yi sanyi: ba a sha ba, ba a warke ba, bakin alƙalami ya bushe.

Likitan bai ce “ya ƙi sha” ba, bai ce “lokaci ya wuce” ba. Sigar aikatau kawai ya canja. Wannan gwaninta ce nake so mu tsaya mu duba da kyau, domin a ganina tana cikin mafi kyawun abubuwan da nahawun Turanci ya tanada. Wanda ya laƙance ta yana auna maganarsa kafin ya sake ta: nawa ne alkawari a ciki, nawa ne fata, nawa ne zato, nawa ne nadama. Mai sauraro kuma zai karɓi awon daidai yadda aka yi shi.

Yadda ginin yake

Jimlar sharaɗi ganga biyu gare ta. Akwai gangar sharaɗi, wadda galibi “if” ke buɗewa, ba ta kuma iya tsayawa ita kaɗai. Akwai gangar sakamako, mai faɗin abin da zai biyo baya. Kowace tana iya zuwa farko. In gangar sharaɗi ce a gaba, sai a sa waƙafi bayanta: “If the rain comes early, we will plant in May.” In sakamako ne a gaba, ba a bukatar waƙafi: “We will plant in May if the rain comes early.” Ma'ana ɗaya ce, amma gwani ba ya zaɓe da ka. Abin da yake so ya zauna a zuciyar mai sauraro shi yake ajiyewa a ƙarshe. Ɗan kasuwar da ke so a riƙe ranar biya zai ce “I will give you the goods if you pay on Friday,” don Juma'ar ta zama abin da ya rage a kunne.

Asirin ginin kuwa ƙa'ida ɗaya ce: gwargwadon yadda magana ta yi nisa da tabbas, gwargwadon yadda aikatau ke ja da baya. Abin da ke iya faruwa gobe, da sigar yanzu ake faɗinsa. Abin da ba haka yake ba yanzu, da sigar jiya. Abin da bai faru ba jiya, sai a ƙara ja da baya zuwa sigar da ta gabaci jiya, mai ɗauke da “had”. Taku ɗaya baya a kowane mataki. Wanda ya riƙe wannan ya kama bakin zaren.

Matakai huɗu

Littafin Thomson da Martinet, A Practical English Grammar, wanda ya fara fitowa a 1960, ya raba jimlolin sharaɗi gida uku, kuma a kan irin wannan rabon aka koyar da ɗalibai masu ɗimbin yawa. Malamai da dama kan ƙara na huɗu a ƙasa da su, su kira shi na sifiri.

Na sifiri shi ne na abin da ba ya saɓawa: duk lokacin da sharaɗi ya cika, sakamako na biye da shi. Sigar yanzu ce a ganga biyun: “If you leave shea butter in the sun, it melts.” Man kaɗe da rana, yau haka ne, gobe ma haka. Da wannan ake rubuta ƙa'idojin kimiyya da bayanin yadda inji ke aiki. A jikin kwalin magani kuma gangar sakamako kan zama umarni kai tsaye: “If the rash spreads, stop taking the drug.” Hatta kwamfuta a kan wannan ginin take tafiya. Manyan harsunan rubuta manhaja sun ari “if” ta Turanci, kuma akawun da ke lissafin albashi a Excel da ita yake gaya wa na'ura wa za a cire wa kuɗi, wa za a bari.

Mataki na ɗaya ƙofa ce a buɗe: abin bai faru ba tukuna, amma yana iya faruwa. “If the lorry arrives tonight, we will offload in the morning.” Motar ba ta iso ba, maganar gaba ake yi, duk da haka ba a cewa “will arrive”. In dai hasashen gaba kawai ake nufi, “will” a gangar sakamako take zama, ba ta tsallakawa gangar sharaɗi. Gwani kuma ya san yana iya musanya ta da “can”, ko “may”, ko “must”, kowace da nauyinta: iko, ko yiwuwa, ko tilas. Wannan shi ne harshen ciniki da gargaɗi da alkawari.

Alkawari mai sharaɗi kuwa ba abin wasa ba ne, kotunan Ingila sun tabbatar da haka tun ƙarni na 19. A 1891 wani kamfani a Landan mai suna Carbolic Smoke Ball ya buga talla a jarida: zai biya fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da wani ƙwallon maganinsa da ake shaƙa ta hanci, sau 3 a rana har mako 2, amma duk da haka zazzafar murar infuluwenza ta kama shi. Don a san da gaske yake, ya ce ya ajiye fam 1,000 a bankin Alliance. Wata mata, Louisa Carlill, ta saya, ta bi ƙa'ida, a Janairun 1892 murar ta kwantar da ita. Da ta nemi kuɗinta sai kamfanin ya ce ai daɗin bakin talla ne kawai. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba ta san zancen ba: kun gindaya sharaɗi, kun faɗi sakamako, ta cika sharaɗin, sai ku biya. Har yau ɗaliban lauya a Najeriya da Gana da sauran ƙasashen da suka gaji dokar Ingila suna karanta wannan shari'a a darasin dokar kwangila.

A mataki na biyu ne gwaninta ke fara bayyana. Siga ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma ba maganar jiya ake yi ba. “If I had a generator, I would work at night.” Ba jiya aka rasa janareta ba, yanzu ne babu. Dubi kuma 'yan kasuwa biyu da ke zancen farashin siminti. Ɗaya ya ce “If the price falls, people will build.” Ɗayan ya ce “If the price fell, people would build.” Duk maganar gaba suke yi, kasuwa ɗaya suke ci. Amma na farko yana sa rai, na biyu ya cire rai. Aikatau ɗaya ya tona abin da ke zuciyar kowannensu.

A nan ne kuma ake samun “were” inda ɗalibi yake tsammanin “was”: “If she were here, she would know what to do.” Ragowar tsohuwar sigar fata da ƙaddarawa ce, wadda Turanci ya kusan zubarwa gaba ɗaya, ta maƙale a wannan lungu. A hira za ka ji Turawa da yawa suna cewa “was”, amma a takardar jarrabawa da wasiƙar ofis “were” ce ta fi aminci.

Mataki na uku ƙofa ce rufaffiya: “had” a gangar sharaɗi, “would have” a gangar sakamako. “If we had left at dawn, we would have reached Sokoto before dark.” Ba a tashi da asuba ba, dare ya yi a hanya. Wasu kan raina wannan mataki, su ce kukan da-na-sani ne kawai, da-na-sani kuwa ƙeya ce. Amma da shi ake gano sanadi, kuma ga misali.

Ranar 1 ga Janairu 1966, da asuba, wasu masu gadi 3 a Landan suka sha shayi, suka kama amai. Suka je sashen gaggawa na wani asibiti. Likitan da ke bakin aiki bai fito ya duba su ba, ya aiko ta bakin ma'aikaciyar jinya cewa su koma gida su kira likitocinsu. Bayan 'yan sa'o'i ɗayansu, mai suna Barnett, ya rasu. Ashe gubar arsenik ce a cikin shayin. Matarsa ta kai ƙara. Alƙali ya yarda an yi sakaci, amma ya tsaya a kan tambaya ɗaya, wadda jimlar sharaɗi ce ta mataki na uku: da likita ya duba shi, da ya rayu? Shaidar masana ta nuna cewa ko da an kwantar da shi, makarin gubar ba zai shiga jikinsa a kan lokaci ba. Saboda haka ba a ɗora wa asibitin alhakin mutuwar ba. Lauyoyi suna kiran wannan gwaji “but for”, wato ba don abu kaza ba. Injiniyan da ke binciken ruftawar gini da kwamitin da ke binciken haɗarin jirgi duk da irin wannan jimla suke aiki, domin ba a gane abin da ya jawo wani abu sai an ƙaddara rashinsa.

Bayan waɗannan akwai gauraye, inda kowace ganga ke zaune a lokacinta. “If I had learnt a trade, I would have a shop now”: sharaɗi na baya, sakamako na yau. “If he were careful, he would not have lost the key”: hali ne na kullum, ya haifar da ɓarnar jiya. Wanda ya iya haɗa waɗannan ba tare da harshensa ya sarƙe ba, ya wuce haddar ƙa'ida, ya fahimci dalilinta.

Abin da Bahaushe ya riga ya mallaka

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun safe bakinmu cike yake da sharaɗi: in Allah ya yarda, in Allah ya kai mu, in da rai da lafiya, in ka ga dama. Harshenmu kuma ya raba buɗaɗɗiyar ƙofa da rufaffiya sarai. “In ka zo, za mu ci tuwo” daban, “da ka zo, da mun ci tuwo” daban, ko ƙaramin yaro ya san bambancin. Inda harsunan biyu suka raba hanya shi ne wurin da kowanne ya kafa alamarsa. Hausa ta kafa ta a kalmar da ke buɗe jimla, “idan” ko “da”. Turanci ya bar “if” ɗaya tilo a bakin kowace jimla, ya kafa alamar a jikin aikatau. Tunanin muna da shi. Mazaunin alamar ne sabo, kuma daga nan ne tarko uku ke fitowa.

Na farko: mu kan ce “idan sun zo gobe”, da sigar nan ta “sun zo jiya”. Ɗalibi sai ya kwashe ta yadda take ya rubuta “If they came tomorrow, we will go.” Ya haɗa gangar cire rai da gangar sa rai, mai karatu ya rasa wadda zai kama. “If they come” ake nufi.

Na biyu: “idan” tamu tana ɗaukar abin da ake shakka da abin da ake da tabbas. “Idan rana ta faɗi za mu sha ruwa” babu shakka a ciki, rana za ta faɗi. Turanci ya ware “when” ga irin wannan. Matafiyin da ya ce wa mahaifiyarsa “If I get home, I will call you” ya jefa mata fargaba ba da niyya ba, domin ya nuna isarsa gida ma abin kokwanto ce.

Na uku: “da ina da mota, da na kai ka” tana iya zama maganar yau, tana iya zama ta bara, zance ne ke fayyacewa. Turanci ba ya yarda a bar abin a dunƙule. Ko dai “If I had a car, I would take you,” ko kuma “If I had had a car, I would have taken you.” Wannan “had had” da ke kama da tuntuɓen alƙalami daidai take: ta farko alamar ja da baya ce, ta biyu ita ce mallaka.

Na taɓa zama a bayan aji a wata sakandaren 'yan mata a Kano, ina kallon wata malamar Turanci tana koyar da wannan darasi, kuma hanyarta ta burge ni ƙwarai. Ba ta fara da sunayen matakai ba. Jimla ɗaya ta rubuta a allo da Hausa: “Da na tashi da wuri, da ban makara ba.” Sai ta juya ta nuna wata ɗaliba.

“Ke, mai maganar nan ta tashi da wuri?”

“A'a, Malama.”

“Ta makara?”

“Ta makara, Malama.”

“To, zo ki rubuta mini gaskiyar abin da ya faru da Turanci.”

Yarinyar ta karɓi alli ta rubuta: “I did not wake early. I was late.”

“Madalla. Yanzu ki kife kowace. Wadda ta ce a'a ta koma i, wadda ta ce i ta koma a'a. Sannan ki ja kowace baya taku ɗaya.”

Yarinyar ta ɗan yi jim, ta goge, ta sake rubutawa: “If I had woken early, I would not have been late.” Aji ya ɗauki tafi. Malama ba ta ba ta ƙa'idar da za ta haddace ba. Ta nuna mata cewa a ƙarƙashin kowace jimla ta mataki na biyu da na uku akwai gaskiya a kife, kuma wanda ya fara gano gaskiyar ba zai ɓata ginin ba. Daga nan ta sa su sarƙa: kowace ɗaliba ta ɗauki sakamakon 'yar'uwarta ta mayar da shi sharaɗi, jimla na bin jimla daga layin gaba har na baya, har kunne ya fara kama kuskure kafin Malama ta buɗe baki.

Sharaɗi ba tare da “if” ba

Gwani ba ya dogara da kalma ɗaya. “Unless” tana nufin sai dai idan, kuma korewa na cikinta, saboda haka ba a ƙara mata wata: “Unless you pay, you will not enter.” “Provided that” da “as long as” suna ɗaure sharaɗi tamau, shi ya sa takardun haya da na banki ke cike da su. “Even if” ita ce “ko da” tamu, mai cewa sharaɗin ba zai canja komai ba. “In case” kuwa ba sharaɗi ba ce, riga-kafi ce: “I will carry my card in case they ask” na nufin zan ɗauki katin tun yanzu, a tambaya ko kada a tambaya.

Akwai kuma ƙaramar kalmar “only”, wadda ke juya hukunci. “You will get the certificate if you pay” ta ce biya ya wadatar, ba ta ce babu wata hanya ba. “You will get the certificate only if you pay” ta ce babu hanya sai biya, ba ta kuma yi alkawarin cewa biyan kaɗai zai isa ba. Rigingimu da yawa tsakanin mai gida da ɗan haya a irin wannan tazara suke tsirowa.

Mafi ƙayatarwa ita ce juyi, inda ake jefar da “if” a ɗauko mataimakin aikatau a sa shi a gaba. Kalmomi uku ne aka saba yi wa haka: “should”, “were” da “had”. “Should you need more copies, call this office.” “Were the bridge to fall, three villages would be cut off.” “Had the guard not shouted, we would have lost everything.” Lura da ta ƙarshe: “not” bayan suna take zuwa, ba a dunƙule ta da “had”. Salo ne mai kwarjini, na wasiƙar hukuma da hukuncin kotu. A ɗaya gefen kuma akwai sharaɗin tsakar gida, wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan: “Touch that pot again and I will call your father.” Umarni ne a baki, gargaɗi ne a ma'ana.

Nisa a matsayin ladabi

Ja da bayan nan ba shakka kaɗai yake nunawa ba, yana nuna girmamawa. “Send me the file” umarni ne. “I would be grateful if you could send me the file” roƙo ne, kuma mataki na biyu ne tsantsa: mai rubutu ya matsar da bukatarsa nesa, ya bar wa wanda ya rubuta wa sararin cewa a'a. Haka “Would you mind if I opened the window?” Haka “If I were you”, wadda ke ba da shawara ba tare da an ɗora wa mutum ita a ka ba. Mu ma haka muke yi. Wanda ya ce “Yaya, da za ka taimaka ka ara mini babur ɗinka” ya fi wanda ya ce “ara mini” sanin ya kamata, kuma da kalmar abin da bai faru ba ya yi roƙon.

A nan ne ma “will” ke samun izinin shiga gangar sharaɗi, domin ta tashi daga hasashe ta koma nufin yarda: “If you will sign here, I will bring your card.” In aka danna ta da murya kuma, sai ta koma nufin naci da taurin kai: “If you will drive like this, you will kill somebody.” Ɗalibi ya san an hana. Gwani ya san dalilin hanin, shi ya sa ya san inda hanin ya ƙare.

Inda matakan suka ƙare

Matakai huɗu sanda ce ta mai koyo, ba su ne iyakar harshe ba. Dubi wannan: “If he left Kano at six, he must be in Zaria by now.” Sigar jiya ce, amma ba ƙaddarawa ba ce, jiya ce ta gaske: mai magana bai san ko ya tashi ƙarfe shida ba, yana dai lissafi. Abin da ke fayyacewa shi ne gangar sakamako, domin babu “would” a ciki. Saboda irin wannan ne Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafinsu The Cambridge Grammar of the English Language na 2002, suka raba jimlolin sharaɗi gida biyu kawai: buɗaɗɗu da masu nisa. Wannan rabo ya fi kusa da namu na “idan” da “da”, kuma ina ganin malaman Turanci a ƙasar Hausa za su ci ribarsa.

Akwai ma jimlolin da sharaɗinsu bai taɓa sakamakon ba sam. “There is food in the kitchen if you are hungry.” Abincin yana nan, ko kana jin yunwa ko ba ka ji. Sharaɗin a kan amfanin labarin yake, ba a kan gaskiyarsa ba. Masanin falsafa na Oxford, J. L. Austin, ya ja hankali ga irin wannan a wata lacca a 1956, masana kuma har yau suna tattauna ta. Bahaushe da ya saba cewa “akwai fura a ƙwarya in kana so” ba zai sha wahalar gane ta ba.

Kunne ma da nasa aikin. Bature ba ya furta komai a warware. “If I'd known, I'd have come”: harafi ɗaya ne sau biyu, na farko “had”, na biyu “would”. “Would have” kuma a baki takan dunƙule har wasu 'yan asalin harshen su rubuta “would of”, wanda kuskure ne ko daga hannun wa ya fito. A hirar Amurkawa za ka ji “If I would have known”, amma wanda ya kai ta zauren WAEC ko NECO ko JAMB zai yi asarar maki.

Yadda ake kaiwa ga gwaninta

Tambaya biyu gwani ke yi wa kansa kafin ya buɗe baki. Abin nan yana iya yiwuwa, ko ƙaddarawa nake yi? Kuma maganar yaushe ce: kullum, gobe, yanzu, ko jiya? Amsar biyun ita ke zaɓar siga. Da farko sai an tsaya an yi lissafi. Daga baya abin kan zama kamar direba da giya: hanya yake kallo, hannu na canjawa da kansa.

Littafin Raymond Murphy, English Grammar in Use, wanda ya fara fitowa a 1985, yana haɗa darasin “if” da na “wish”, kuma hikima ce babba, domin taku ɗaya ne suke ja: “I wish I knew” na yau, “I wish I had known” na jiya. Amma littafi kaɗai ba ya gogar da hannu. Ɗauki abin da ya faru da kai yau, ka rubuta gaskiyarsa a jimla biyu, ka kife ta yadda malamar nan ta koyar. Ɗauki shirin da kake yi na mako mai zuwa, ka faɗe shi sau biyu, sau ɗaya da sa rai, sau ɗaya da cire rai, ka saurari yadda nauyin ke canjawa.

Abin da ya sa nake girmama wanda ya iya wannan fanni ya wuce ƙawar magana. Mutum ne da ba ya ɗaukar alkawarin da ya fi niyyarsa, ba ya ɗora laifin da ya fi hujjarsa, ba ya kuma roƙo da muryar umarni. In aka miƙa masa takarda, ya san inda zai fara dubawa. Kai ma, ranar da aka ajiye maka takardar haya, ko ta bashin banki, ko ta ɗaukar aiki, kafin ka sa hannu ka ɗauki biro ka nemo kowace “if”, kowace “unless”, kowace “provided that”, ka ja musu layi, ka tambayi kanka wa zai cika sharaɗin, kuma me zai biyo baya in bai cika ba. A waɗannan layukan haƙƙinka yake.